Makiyayin da Yake da Makiyayi: Martin Luta da Nauyin Zuciya

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin tarihin ikkilisiya da bai san labarin Martin Luta a birnin Worms ba. A ranar 18 ga Afrilu 1521 ya tsaya a gaban Babban Sarki Charles na 5, da hakiman ƙasar Jamus, da wakilan Paparoma. Aka ce ya janye abin da ya rubuta, ya ƙi. Wannan hoton nasa muka fi riƙewa, shi muke kawowa a wa'azi in muna so mu yi magana a kan ƙarfin hali: mutum ɗaya tilo, duniya ta taso masa, bai tanƙwara ba.

Akwai wani gefen rayuwarsa da ba a cika koyarwa ba, ko da yake shi kansa bai ɓoye shi ba. Tun yana saurayi har ya tsufa, Luta ya yi ta fama da baƙin ciki mai nauyi, da tsoro, da zargin kai. Yana kiran wannan hali da kalmar Jamusanci Anfechtung, wato farmakin da ake kai wa zuciya. Mun san haka domin wasiƙunsa fiye da 2,000 suna nan har yau, ga kuma hirarrakinsa na wurin cin abinci waɗanda ɗalibansa suka fara rubutawa tun daga 1531.

Wanda ya bi waɗannan takardu zai ga cewa kusan duk tsawon hidimarsa Luta yana da nasa makiyayi, wanda yake zuwa wurinsa ya buɗe masa cikinsa. Wannan darasi zai duba su wane ne suka riƙe shi, me suka faɗa masa, da abin da shi kuma ya miƙa wa waɗansu daga baya.

Sufin da ya kasa yi wa kansa sauƙi

An haifi Luta a Eisleben ranar 10 ga Nuwamba 1483. Mahaifinsa Hans, mai sana'ar haƙa da narka jan ƙarfe, ya so ɗansa ya zama lauya. A watan Yuli 1505 hadari ya rutsa da shi a hanya kusa da ƙauyen Stotternheim, aradu ta faɗi dab da shi, cikin firgita ya yi wa'adi zai zama sufi. Bayan mako biyu ya shiga gidan sufaye na ƙungiyar Agustin a Erfurt.

Koyarwar da ya taras a makarantun lokacin tana cewa mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ba zai hana shi alheri ba. Ga mai sauƙin zuciya wannan magana ce mai daɗi. Ga mai lamiri irin na Luta kuwa tarko ce, gama ta ina mutum zai san ya kai iyakar ƙoƙarinsa? Ya yi ta azumi, ya hana idonsa barci, ya kwana cikin sanyi ba mayafi. Daga baya ya ce da ya ci gaba da haka, da ya kashe kansa da tsaro da addu'a da karatu.

Dokar ikkilisiya ta lokacin ta ce kowa ya furta wa firist manyan zunuban da ya tuna. Luta yakan tone rayuwarsa tun daga ƙuruciya, akwai ranar da ya yi awa shida yana furtawa. In ya fita sai ya tuna da wani abu, ya koma. Mu lura, mutumin nan ba mazinaci ba ne, ba ɓarawo ba. Abin da ke cinsa shi ne ya zama alƙalin kansa, alƙalin da ba ya yafiya, ya kuma ɗauka muryar wannan alƙali ita ce muryar Allah.

Yohanna Staupitz

Mutumin da ya fi taimakonsa a waɗannan shekaru shi ne shugabansa, Yohanna Staupitz. Shi ne ke lura da gidajen sufayen Agustin masu tsananta doka a Jamus, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jami'ar Wittenberg a 1502. Daga 1511, da Luta ya koma Wittenberg da zama, Staupitz ya zama masa kamar uba. Daga abin da Luta ya riƙa faɗa daga baya, za mu iya ware abubuwa biyar da dattijon ya yi masa.

Na farko, ya saurare shi, bai kuwa yi kamar ya san kome ba. Wata rana ya faɗa wa Luta a fili cewa shi bai gane irin wannan damuwa ba. Duk da haka bai sallame shi ba.

Na biyu, ya ƙi yarda a mai da ƙananan abubuwa manya. Ya yi masa faɗa cikin raha cewa in yana so Almasihu ya gafarta masa, to ya zo da zunubi na gaske, irin su kisan iyaye ko saɓo ko zina, ya daina kawo tarkace. Nufinsa shi ne yawan tone-tonen nan ba tsarki ba ne, wata irin rashin yarda ce da jinƙan Allah.

Na uku, ya ɗauke idon Luta daga kallon kansa. Sa'ad da tambaya ta dame shi ko yana cikin zaɓaɓɓu ko ba ya ciki, Staupitz ya ce ya bar haƙa cikin asirin Allah, ya dubi raunukan Almasihu. Ya kuma koya masa cewa tuba ta gaskiya daga ƙaunar Allah take farawa. A wasiƙar da Luta ya rubuta masa a watan Mayu 1518, ya ce wannan magana ta kafe masa a zuciya kamar kibiya, har kalmar tuba da dā ta fi kowace ɗaci a bakinsa ta koma mafi zaƙi.

Na huɗu, bai ɓoye nasa rauni ba. Ya faɗa wa Luta cewa shi ma ya yi wa Allah alkawari fiye da sau dubu zai gyara halinsa, bai cika ba, har ya daina irin wannan alkawari ya jingina ga jinƙai kaɗai. Luta ya maimaita wannan labari ga ɗalibansa a laccarsa a kan Galatiyawa.

Na biyar, ya ba shi aiki. A gindin wata bishiya a lambun gidan sufaye ya ce masa ya shirya ya zama dakta a tauhidi, ya kuma fara wa'azi. Luta ya kawo hujjoji da yawa, har ya ce aikin zai kashe shi. Staupitz ya amsa da wasa cewa ba kome, Allah yana da aikin da zai ba masu ilimi a sama ma. A watan Oktoba 1512 Luta ya karɓi digirin, ya gaji kujerar Staupitz ta koyar da Littafi Mai Tsarki. Daga nan ya koyar da Zabura, da Romawa, da Galatiyawa, da Ibraniyawa, a cikin wannan karatu ne ya gane cewa Allah yana baratar da mai zunubi ta wurin bangaskiya. Ashe Gyaran Ikkilisiya yana da saiwa a haƙurin wani dattijo da wani saurayi mai damuwa.

Staupitz bai bi Luta har ƙarshe ba. A 1518, a Augsburg, ya kwance masa wa'adin biyayya. Bai taɓa barin ikkilisiyar Roma ba, ya mutu a Salzburg a watan Disamba 1524 yana shugaban wani gidan sufaye. Luta ya ji zafin wannan rabuwa, ya kuma faɗa masa. Amma har tsufansa yana kiransa uba, yana cewa ba don Staupitz ba da ya nutse.

Darasin kaɗaici

Bayan Worms aka yi shelar cewa Luta ba shi da kariyar doka. Sarkin Saxony, Frederick, ya shirya aka yi kamar an sace shi a hanya ranar 4 ga Mayu 1521, aka ɓoye shi a ganuwar Wartburg wata goma. Ga tsaro, ga abinci, amma ba abokan hira, ba ɗalibai, ba bagade. Wasiƙunsa na lokacin cike suke da kukan rashin barci da taurin ciki mai tsanani. A watan Yuli ya rubuta wa abokin aikinsa Filibus Melanchthon, malamin Helenanci a Wittenberg, cewa ya yi kwana takwas bai rubuta kome ba, bai yi addu'a ba, bai yi karatu ba, ya roƙi a yi masa addu'a. Wani abokinsa, Georg Spalatin, magatakardan sarki, ya aika masa da magani.

Mutumin da ya girgiza Worms wata uku da suka wuce, shi ne yake rubuta wa wanda ya girma da shekara 14 cewa ya kasa addu'a. A ƙarshen shekarar ya kama fassarar Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, ya gama cikin kamar mako 11. Ya fito daga Wartburg da abu biyu: fassarar, da tabbacin cewa kaɗaici guba ne ga mai baƙin ciki. A wa'azin da ya yi da ya dawo Wittenberg a watan Maris 1522, ya ce kada a tilasta wa kowa furta zunubi a asirce, amma shi ba zai yarda a ƙwace masa wannan dama ba ko da za a ba shi dukiyar duniya, domin ya san irin ƙarfin da ta ba shi.

Shekarar 1527

Ranar Asabar 6 ga Yuli 1527, da safe, tsoro mai tsanani ya kama Luta. Lokacin yana da shekara 43, sunansa ya gama Turai. Shekara biyu ke nan da aurensa da Katarina von Bora, suna da ɗa ɗaya, ga ciki na biyu. Abin da ya fara yi shi ne ya aika a kira masa Yohanna Bugenhagen, faston ikkilisiyar garin Wittenberg. Ya furta masa zunubansa, ya roƙi ta'aziyya daga Maganar Allah. Da yamma abokinsa Justus Jonas ya zo cin abinci, sai Luta ya ji wata ƙara mai ƙarfi a kunnensa na hagu. Ya tashi zai je ya kwanta, jiri ya ɗebe shi. Aka yayyafa masa ruwan sanyi, aka kira likita Augustin Schurff ya yi ta ɗumama masa jiki. Luta ya ɗauka mutuwa ce ta zo, har ya yi sallama da matarsa da ɗansa. Jonas da Bugenhagen duka sun rubuta abin da suka gani, shi ya sa muka san labarin dalla-dalla.

Jiki ya warware, zuciya kuwa ta daɗe ba ta warware ba. Ranar 2 ga Agusta ya rubuta wa Melanchthon cewa ya yi fiye da mako guda ana wurga shi tsakanin mutuwa da jahannama, har ya ji kamar Almasihu ya kuɓuce masa, kuma ta wurin addu'ar 'yan'uwa ne Allah ya fara jin tausayinsa.

A cikin wannan hali annoba ta shigo Wittenberg. Aka kwashe jami'a zuwa Jena, sarki ya ce Luta ma ya tafi, ya ƙi. Shi da Bugenhagen suka zauna tare da marasa lafiya, gidansa ya zama kamar asibiti. Ranar 16 ga Agusta aka ƙone Leonhard Kaiser, wanda ya yi karatu a Wittenberg, saboda bangaskiyarsa. Da labarin ya iso, Luta ya shiga zargin kansa cewa shi mai yawan magana ne kawai, ga wanda ya ba da ransa. A farkon Nuwamba 'yar'uwar Bugenhagen, matar dikon Georg Rörer, ta mutu da annobar bayan ta haifi ɗa ba rai. Sai Bugenhagen ya kwashe iyalinsa suka tare a gidan Luta, domin su ƙarfafa juna.

A dubi tsarin nan da kyau. A ilimi da suna Luta ya fi Bugenhagen, amma a ikkilisiyar garin shi tunkiya ne a garken Bugenhagen, ya kuwa yarda da haka. Bugenhagen ne ya ɗaura masa aure a 1525, shi yake sauraron furcinsa, shi ne kuma ya yi wa'azi a jana'izarsa a 1546. Luta ya ba da labarin wata rana da yake zaune cikin baƙin ciki, Bugenhagen ya ce masa lalle Allah yana mamakin me kuma zai yi wa mutumin nan, ya ba shi baye-baye masu yawa amma yana fid da zuciya daga alherinsa. Luta ya ce maganar ta zauna masa kamar mala'ika ne ya faɗe ta. A laccarsa a kan Zabura 90 ya faɗa wa ɗalibai cewa ko da yake shi dakta ne a tauhidi, mutane da yawa kuma sun ƙaru da shi, sau da yawa kalma ɗaya daga bakin ɗan'uwan da ba ya ganin ya kai shi ita ta tashe shi. Ya san ayoyin sarai, har ya fassara su. Abin da yake bukata shi ne ya ji su daga bakin wani.

Abin da ya miƙa wa waɗansu

Daga 1530 zuwa gaba muna da wasiƙu da dama da Luta ya rubuta wa masu nauyin zuciya. A cikinsu za a ji muryar Staupitz da ta Bugenhagen.

Jerome Weller ɗalibi ne da ke zaune a gidan Luta, yana koya wa ɗansa Hans karatu. Saurayi ne mai kunya, mai yawan tunani. A 1530, Luta yana ganuwar Coburg lokacin babban taron Augsburg, ya rubuta masa cewa kada ya tsaya gardama da mugayen tunani, gama gardamar tana ƙara musu ƙarfi. Ya guji zama shi kaɗai, ya nemi mutane, ya yi hira da raha da Katarina da sauran mutanen gida, ya ci ya sha. Ya kuma ba shi labarin yadda Staupitz ya taɓa ce masa Allah ba a banza yake horonsa haka ba, zai yi amfani da shi. Weller ya rayu har 1572, ya yi shekaru da yawa yana koyar da tauhidi a Freiberg.

Irin wannan damuwa ta taɓa 'yan'uwansa biyu ma. 'Yar'uwarsa Barbara ta shiga tsoron ko Allah ya zaɓe ta, sai Luta ya rubuta mata a 1531 cewa ya san ciwon nan sarai domin ya kusa hallaka shi, ya ba ta maganin da Staupitz ya ba shi. Ɗan'uwansu Matthias mai kaɗa ogan ne, wato kayan kiɗan majami'a. A 1534 Luta ya ce masa in baƙin ciki ya taso, ya je ya kama kiɗa ya rera waƙa har tunanin ya wuce, kamar yadda Dawuda da Elisha suka yi. Ya kuma ce ya daina sauraron tunaninsa, ya saurari abin da 'yan'uwa suke faɗa masa.

A wannan shekarar ya rubuta wa Yarima Joachim na Anhalt, saurayi mai rashin lafiya da baƙin ciki. Ya ce masa ya hau doki, ya fita farauta, ya zauna da abokan kirki. Ya gaya masa cewa shi kansa ya ɓata shekaru cikin ɓacin rai, yana ganin farin ciki kamar zunubi ne, amma yanzu ya san murna ta halal tana gamsar Allah, yana kuwa nemanta duk inda zai same ta.

Mafi nauyi ita ce ta Jonas von Stockhausen, shugaban dogarawan garin Nordhausen, wanda ya gaji da rayuwa har yana tunanin kashe kansa. Ranar 27 ga Nuwamba 1532 Luta ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya gare shi, ɗaya ga matarsa. Ya ce wa matar kada ta bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci, kada ta bar wani abu kusa da shi da zai ji wa kansa rauni da shi, a riƙa karanta masa labarai, a ja shi hira ko da ba ya so. Luta bai tsaya ga wa'azi ba, ya sa na kusa da mutumin su tsare shi.

Kuka da hutu

Luta bai ɗauki kuka a matsayin ƙarancin bangaskiya ba. Yana Coburg labarin mutuwar mahaifinsa ya same shi a watan Yuni 1530. Veit Dietrich da ke tare da shi ya rubuta cewa ya ɗauki littafin Zabura ya shiga ɗaki ya yi ta kuka. 'Yarsa Elisabet, wadda aka haifa a ƙarshen annobar 1527, ta mutu ba ta cika wata takwas ba. Magdalena kuwa ta mutu a hannunsa ranar 20 ga Satumba 1542 tana da shekara 13. Ya rubuta wa Jonas cewa ya san ya kamata shi da matarsa su yi godiya domin yarinyar ta huta, amma ƙaunar iyaye ta fi ƙarfinsu, ba sa iyawa sai da shessheƙa. Bai yi wa kansa hukunci a kan haka ba.

Game da hutu, Melanchthon mutum ne da ba ya ajiye alƙalami. A watan Mayu 1530 Luta, wanda ciwon kai ya hana shi aiki a lokacin, ya gargaɗe shi kada ya kashe kansa da aiki sa'an nan ya ce biyayya ce ga Allah. Ya tuna masa cewa ana yi wa Allah hidima da hutu ma, shi ya sa ya ba da Asabar.

A 1544 Spalatin, wanda ya taɓa aika masa da magani a Wartburg, ya faɗa cikin baƙin ciki saboda wata shawara da ya bayar a kan wani aure, daga baya aka ga kuskure ce. Lokacin shi ne mai lura da ikkilisiyoyin Altenburg. Luta bai ce masa ba kuskure ba ne. Ya ce ko da zunubi ne, kashe kai da nadama ya fi shi muni. Ya maimaita masa abin da Staupitz ya faɗa shekaru da yawa da suka wuce, cewa wanda yake so ya zama mai zunubi na hoto zai sami mai ceto na hoto, amma Almasihu Mai Ceto ne na gaske domin masu zunubi na gaske. Spalatin ya mutu a watan Janairu 1545, wata biyar bayan wasiƙar.

Wannan fahimta ta shiga har cikin koyarwarsa a rubuce. A cikin Bayanan Schmalkalden na 1537 ya jera hanyoyin da Bishara take taimakon mutum: wa'azi, baftisma, Jibin Ubangiji, ikon ɗaurewa da kwancewa, sa'an nan ya ƙara da hirar 'yan'uwa da ta'azantar da juna. Zaman da mutum biyu suke yi, ɗaya yana faɗin damuwarsa ɗaya yana saurare, Luta ya sa shi a jeri ɗaya da wa'azi.

Inda za mu yi hankali

Ba duk abin da Luta ya faɗa za mu ɗauka yadda yake ba. Ya ɗora yawancin damuwarsa a kan Iblis, likitocin zamaninsa kuma suna cewa yawan baƙin ruwan matsarmama ne a jiki. Ilimin likita ya ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, yau an san ciwon damuwa a matsayin ciwo mai magani. Abin koyi a wurinsa shi ne a ranar 6 ga Yuli an kira fasto, an kuma kira likita, bai ga saɓani a tsakaninsu ba.

Shawarar da ya ba Weller ta haɗa da shan giya, wadda a Jamus ta lokacin abin sha ne na yau da kullum. Shi kansa ya faɗa a wata hira cewa ba zai ba kowane saurayi wannan shawara ba. Mu da muka ga gidajen da shaye-shaye ya rushe mun san barasa tana ƙara wa mai damuwa ciwo.

Sa'an nan tausayin da ke cikin wasiƙunsa bai kai ga kowa ba. Abin da ya rubuta a kan manoman da suka yi tawaye a 1525, da abin da ya rubuta a kan Yahudawa a 1543, mugun rubutu ne, wanda ya yi a kan Yahudawa kuwa ikkilisiyoyi masu ɗauke da sunansa sun fito sun yi tir da shi. Samun taimako bai mai da shi marar aibi ba. Bai kuma raba shi da baƙin ciki gaba ɗaya ba, abin yana tafiya yana dawowa. Amma ya riƙe shi a kan aiki har ya mutu a Eisleben ranar 18 ga Fabrairu 1546.

Abin da ya shafe mu

An ce wanzami ba ya son jarfa. Fasto yakan yini yana sauraron matsalar aure, da bashi, da rashin lafiya, da makoki, ya dawo gida ba wanda zai ce masa yaya ka ji da kanka. Tun muna yara aka koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji kuma ba ya kuka. Ga tsoron cewa in dattawa suka ji Baba Fasto yana cikin damuwa za su ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, ko maganar ta kai ga shugabanni ta shafi wurin aikinsa. Da yawa sukan haɗiye, sai abin ya fito ta hawan jini, ko faɗa da iyali, ko wa'azi mai zafi, ko barin hidima.

Tarihin Luta ya nuna wata hanya. Ya san wanda zai kira tun kafin ranar ta zo, shi ya sa da safiyar nan bai tsaya neman mutum ba. Ya faɗi ciwonsa da sunansa, bai yi masa ado ba. Ya karɓi magana daga waɗanda ba su kai shi ilimi ba. Ya kuma koyi yi wa kansa irin jinƙan da yake wa'azinsa ga jama'a, wannan kuwa ya ɗauke shi shekaru. Ba sabon abu ba ne: Iliya a gindin itace abinci da barci aka fara ba shi (1 Sarakuna 19), Bulus ya ce zuwan Titus ne ya ta'azantar da shi (2 Korantiyawa 7), Ubangiji kansa ya nemi mutum uku su zauna tare da shi a Getsamani.

Saboda haka kowane ɗalibi ya nemi nasa Bugenhagen tun bai bar makaranta ba, mutum mai riƙe asiri wanda ba ya jin tsoron faɗa masa gaskiya. Shugabannin gunduma su tambayi kansu ko fasto zai iya kawo musu damuwarsa ba tare da ta zama hujja a kansa ba. In baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana mutum barci, ko ci, ko aiki, a ga likita. In kuwa tunanin kashe kai ya shigo, a yi abin da Luta ya faɗa wa matar Stockhausen, a kuma kai mutumin asibiti ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin abubuwa biyar da Staupitz ya yi, wanne ya fi wuya ga mai ba da shawara a ikkilisiyarku? Don me?
2. Ta yaya za a bambanta tuba ta gaskiya da zargin kai irin na Luta a gidan sufaye?
3. Me ya sa Luta ya bukaci jin Maganar Allah daga bakin Bugenhagen, alhali ya fi shi saninta?
4. Wa yake kiwon matar fasto da 'ya'yansa sa'ad da nauyin hidima ya danne gidan?
5. In irin safiyar 6 ga Yuli ta same ka gobe, wa za ka aika a kira maka?